Fuskar Ningrum a Bayan Mota

"Wannan nake so, Pak Darsono. Dubi tsayi! Dubi wuya!"

Gunadi direba ya turo wayarsa har ta kusa taɓa hancin tsohon mai zanen motoci. Pak Darsono ya goge hannu da tsumma, ya maƙala tabarau, ya karɓi wayar da gefen yatsu don kada fenti ya ɓata gilashin. Hoton filin tseren babura ne. Ga wani ɗan tsere zaune a kan babur cikin hular kwano, ga kuma budurwa tsaye a gefensa riƙe da laima, cikin jan siket da bai kai gwiwa ba, tana irin murmushin nan da kamfanin man inji ke biya a yi. 'Yarsa ce, Ningrum.

Gunadi bai san haka ba. A bayan Pak Darsono manyan motoci na ta gurnani a kan hanyar da ta ratsa garin Tegal a tsibirin Java, rumfar kwanonsa tana karkarwa kamar kullum.

"A Brebes na gan ta ranar Lahadi," in ji Gunadi, yana sosa tumbi. "Wallahi ko babur ɗaya ban kalla ba. Wa ya ci tseren? Oho! Ka cire min wancan mai hular kwanon, ita kaɗai nake so a ƙyauren bayan motata. A ƙasa ka rubuta: Kallo kyauta, taɓi da kuɗi."

"Jan fentina ya ƙare."

"Wancan gwangwanin fa? Miyar barkono ce a ciki?" Gunadi ya ƙyalƙyale da dariya. "In ba ka so ka faɗa min, Pak. Yaran can masu shagon sitika, kafin in shanye shayi sun buga min ita, har su ƙara mata abin da Allah bai ba ta ba. Don dai hannunka ya fi rai ne na zo."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi ɗaci. Pak Darsono ya san aikin yaran can, ya ga abin da injinsu ke yi wa 'ya'yan mutane. In ya ƙi, gobe war haka Ningrum tana bayan motar nan, kuma ba yadda take ba. In ya karɓa, aƙalla buroshin yana hannunsa.

"Ajiye motar," ya ce. "Ka dawo jibi."

* * *

Tun yana saurayi yake zana hotunan mata a bayan motoci. Mawaƙa, 'yan fim, da waɗanda direbobi suka yanko daga kalanda. Direba na son abin da zai sa na bayansa ya daina gyangyaɗi, shi kuma mai fenti na son shinkafa, ciniki ya faɗa ke nan. Bai taɓa tambayar 'yar wace ce ba. Yau ga shi zaune a kan bokiti, buroshi a hannunsa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Ba kuma wani sirri ne ya tonu ba. Kowa a gidan ya san aikin Ningrum. In maƙwabta sun tambaya, uwarta Bu Karsinah takan ce tana sashen talla na wani kamfani, wanda ba ƙarya ba ne, rabin gaskiya ce aka yi wa kwalliya. Tun da shagunan sitika suka cika hanya aiki ya yi wa Pak Darsono ƙafa, sai ya zamana laimar nan ce ke dafa tukunyar gidan. Suna ci, suna kawar da kai. Abin da ba su taɓa yi ba shi ne kallon hoton.

Ya shafa farin fenti, ya fitar da tsayuwar, ya zuba jan siket da takalmi mai tsini. Da ya iso fuska sai ya kife wayarsa da Gunadi ya turo masa hoton a ciki. Ya faɗaɗa goshi, ya zagaye haɓa, ya matse idanu, har ta fito wata kyakkyawa wadda ba ta da uwa ba ta da uba a duk faɗin Java.

Bu Karsinah ta kawo masa shayi a butar yumɓu, da ƙanƙarar sukari a gindin kofi. Ta daɗe tana duban ƙyauren motar.

"Ba ita ba ce," ta ce a hankali.

"Haka nake so."

"Direban ba zai gane ba?"

"Gunadi? Ko fuskar akuya na sa ba zai lura ba."

Ta yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta kwashi faranti ta koma. Shi kuwa ya sha shayinsa da wani sanyi a zuciya, yana ganin ya yi dabara.

* * *

Washegari da hantsi Ningrum ta sauka daga bas, cikin wando da riga mai dogon hannu, da jaka a kafaɗa. Takun da take yi na wadda ta kwana biyu a tsaye ne. Uwarta ta kawo ruwan ɗumi da gishiri a roba, ta zauna a bakin rumfa ta tsoma ƙafafunta da suka kumbura, ta lumshe ido. Da ta buɗe su, a kan motar suka sauka.

"Bapak, wannan ai kayana ne," ta ce wa mahaifinta.

Ya ci gaba da wanke buroshi.

"Siket ɗina ne, takalmina ne, har abin hannuna ga shi nan. Wace ce wannan ka saka a ciki?"

"Ba kowa ba ce, Nduk." Haka yake kiranta tun tana rarrafe, kamar yadda kowane uba ke kiran 'yarsa a nan. "Wani direba ne ya kawo hotonki. Na ce a raina, muddin ina numfashi fuskarki ba za ta bi hanya tana shan hayaƙi ba."

Ya jira godiya. Abin da ya ji shi ne ƙarar ruwa, ta fitar da ƙafa ɗaya ta dafe goshi.

"Wayyo Bapak. Ka kashe ni da gata."

"Me na yi?"

"Kana tsammanin don me nake tsayawa ina yi wa kowane ƙaton banza murmushi in ya ɗaga waya? Daɗi nake ji? Mbak Yuyun, wadda ke zaɓen mu, yanzu ba ta duba wa ta iya tsayuwa. Wa aka sani, shi ke nan. Akwai wata yarinya, ko ashirin ba ta yi ba, fuskarta na bayan motoci daga nan har Semarang. Samari na zuwa filin tsere don su gan ta a fili. Kowane mako ana kiranta. Ni a watan nan Brebes kaɗai aka kira ni, shi ma don wata ta yi zazzaɓi ne. Na kusa talatin, Bapak. A wannan aikin kaka ce ni."

"Sai ki bari. Allah bai rufe ƙofa ba."

"In bari mu ci me? Fenti?"

Bu Karsinah ta ce, "Ningrum, mahaifinki ne fa," amma muryarta ba ƙarfi, don ita ke auna shinkafa.

Ningrum ta sassauta. Ta ja wuyan rigarta gefe. Fatar kafaɗarta ta ƙone ta yi baƙi, tana saɓulewa, ga sauran hoda a gefe inda ta yi ta liƙawa don ta rufe.

"Ka gani? Mutane na cewa 'yan laima, 'yan hutu. Laimar ta ɗan tsere ce. Shi ke zaune, shi ake yi wa inuwa, ke kina waje rana na cin ki, kwalta na cin takalminki. In inuwa ta taɓa kafaɗarki Mbak Yuyun ta zare miki ido daga nesa. Ruwa ma ba ma sha sosai, don ba a barin wuri a je bayi. Duk na jure wannan, sai ga mota ɗaya tak ta zo nemana, ubana ya ba wata aljana."

"Kin san abin da ya ce in rubuta a ƙasa?"

"Faɗi."

Ya nuna mata takardar da Gunadi ya rubuta maganar a kai ya bari. Ta karanta, ko gira ba ta ɗaga ba.

"Na ji wanda ya fi wannan a cikin kunnena, da warin taba. Rubuta masa. Amma ka sa sunana a gefe, manya-manya, yadda na bayan mota zai iya nema a waya." Ta mayar da ƙafarta cikin ruwan da ya riga ya huce. "Don Allah, Bapak. Ka fi kowa sanin fuskar nan."

Kunya ta kama shi, da tausayi, da wata gajiya da ta fi ta shekaru nauyi. Ya ɗauki wuƙar kankare fenti.

* * *

Bai buƙaci hoton ba. Hannunsa ya san inda girarta ta hagu ta ɗan fi ta dama tsayi, ya san haɓar da ta ɗauko ta kakarta. Kafin la'asar Ningrum na tsaye a ƙyauren motar Gunadi tana yi wa duniya murmushi. Ya rubuta maganar direban. A gefe ya rubuta sunan da shi da kansa ya raɗa mata.

Da ya ja da baya don ya duba, sai ya ga hannun a miƙe yake, laimar na can gefe tana yi wa iska inuwa, tunda an cire ɗan tseren. Ba wanda ya sa shi. Ya goge hannun, ya lanƙwaso shi, ya dawo da laimar bisa kanta, ya haɗa shuɗi da toka ya shimfiɗa mata inuwa daga goshi har kafaɗa. Ya daɗe a kan kafaɗar nan.

Da safe Gunadi ya zo da abokansa biyu. Suka yi fito, suka tafa.

"Ita ce, wallahi ita ce! Har da suna? Kai Pak, tsohon hannu!" Ya karkata kai. "Sai dai inuwar nan ta rage mata haske. To ba komai, ai ba fuska ake kallo ba."

Motar ta tashi, ta watsa wa zanen baƙin hayaƙi, ta hau hanya. Wani mai babur ya bi ta a baya yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan na ɗaga waya. Pak Darsono ya tsaya har ta shige cikin sauran motoci ya daina bambance ta.

Ya shiga gida don ya gaya mata an tafi da ita. Ya same ta tana barci a kan tabarma, ƙafafu bisa matashi, bakinta a ɗan buɗe, ba murmushi ko kaɗan. Wayarta na kan ƙirjinta, ta riƙe ta da hannu biyu. Ya zauna a bakin ƙofa da fenti a farcensa, yana taya ta jira ta yi ƙara.