Ruwan Kan Yalwa

Lokotoro Fadila ta kashe 'yar fitilar da take haska idon Yalwa da ita, ta koma kujerarta.

"Yaushe ciwon kan ya fi tsanani?"

"Da na farka daga barci," in ji Yalwa. "In na tashi na yi ta zirga-zirga sai ya lafa. Amma gefen idona kullum ƙara duhu yake. Jiya a Sabon Gari na ci karo da mai tura baro, wallahi ban gan shi ba."

Mijinta Mati, ɗan kabu-kabu, yana tsaye jikin bango.

Likitar ta ce akwai wani ruwa da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, ya gangara har cikin ƙashin baya. Na Yalwa ya yi yawa, yana matse jijiyar ido. In mutum yana tsaye, nauyi na jan ruwan ƙasa. In ya kwanta sai ya taru wajen kai.

"Kin san masu zuwa sararin samaniya, da ake nunawa a tele suna shawagi? Can babu nauyi, ruwan jikinsu ba ya sauka. Fuska ta kumbura, wasu su dawo sai da tabarau."

"Su ai su suka kai kansu," in ji Yalwa. "Ni ko jirgi ban taɓa hawa ba."

Likitar ta yi murmushi, sannan ta ce za ta sa allura a bayanta, ta auna ruwan, ta rage. Magani zai biyo baya.

Mati ya baro bango. "A'a, lokotoro. Kawuna na Jiratawa an huda masa baya, bai sake takawa ba."

"Me ya kai shi asibiti?"

"Sanƙarau."

"To cutar ce ta kwantar da shi, Malam. Ban ce allura ba ta da haɗari ba. Amma ganin da ya tafi ba ya dawowa."

Mati ya ce sai ya ji ta bakin yayansa na Tibiri, ya fita da waya a kunne. Yalwa ta bi shi da kallo. Bai kai ƙofa ba ya ɓace mata, sai takunsa take ji.

Ta cire mayafi ta ninke. "Ta wane gefe zan kwanta?"

Da Mati ya dawo ya tarar da ita kan gado, ta naɗe gwiwa zuwa ƙirji, ana shafa mata magani a baya.

"Yaya ya ce a dakata, a gwada na gida."

"Baban Atika," ta ce, ba ta juyo ba, "zo ta gabana. Inda kake ba na ganinka."

Ya ɗan jima a tsaye. Wayar ta yi ruri a hannunsa, ya tura ta aljihu ya zagayo.

"Riƙe mata gwiwa," in ji likitar. "Kar ta motsa."

Ya riƙe.