Sebe ɗin Zakiyya

"Wannan ba sebe ba ne, Larai, takardar neman gafara ce," in ji Malam Nomau, ya ture takardar daga kan ƙirjinsa.

Shi ya san abin. Ya tsufa a rumfarsa ta unguwar Zango yana buga wa masu neman aiki sebe, takardar nan da mutum yake jera karatunsa da abin da ya iya, har ciwon suga ya kwantar da shi. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ni kuma malamar lekol ce, wato makarantar boko, shi ya sa ya aika a kira ni.

Takardar ta Zakiyya ce, 'yarsa ta fari. Wata ƙungiya na neman ma'aikaciyar jinya a Gidimuni, ran Juma'a za a rufe karɓar dosiye, wato takardun masu neman aikin. Yarinyar ta yi karatun, amma ta ajiye diplom, takardar shaidarta, a akwati ta zauna jinyar uba. In ya tafi ba ta da abin riƙewa, shi ma ya san da haka.

"Dubi nan," ya ce. "Wai 'na ɗan taɓa yin allura'. Shekarun nan kuma ta bar su fili, kamar barci ta yi. Ɗauki alƙalami."

"Malam, kai za ka yabe ta? Yau da wa na tashi!"

Ba sharri na yi masa ba. Ya yabi 'ya'yan Zango kaf a takarda, har da malalatan cikinsu, amma tasa kunyar 'yar fari ta hana shi ko faɗin sunanta. Kullum "ke", ko "yarinyar nan".

Bai kula ni ba. "Rubuta: ta yi jinyar mai ciwon suga, allura safe da yamma ba fashi. Ta wanke gyambon ƙafa har ya rufe. Tana jin Faransanci da Barbarci. Kar ki sa 'mai haƙuri', kowa haka yake sawa. Ki faɗi abin da ta yi, su ga haƙurin da idonsu. Shafi ɗaya ya isa."

Na gama, na ajiye alƙalami. "Saman takardar fa? Sunan wa zan sa?"

"Larai, ki ji tsoron Allah."

"Na mance ne, Malam. Tsufa."

Ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Daga tsakar gida muna jin Zakiyya tana wanke masa riga.

"Zakiyya," ya ce. Ba wanda ya nemi ƙari, sai ya sake, da ɗan ƙarfi: "Zakiyya Nomau."

Ƙarar ruwan ta tsaya. Ni da na zo da tsokana, ni na fara hawaye, har na ɓata gefen takardar.

Ran Alhamis bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Washegari gida cike da masu gaisuwa, na ja Zakiyya bayan ɗaki na miƙa mata dosiyen, an buga shi tsaf.

"Inna, ana zaman makoki? Me mutane za su ce?"

"Su ce ubanki ya aike ki."

Ta dubi layin farko, ta sa yatsa a kai. Sannan ta cusa dosiyen cikin mayafi, ta fita ta tari kabu-kabu.

Na koma tsakar gida. Rigar nan tana kan igiya, ta bushe. Na sauke ta, na ninke, na ajiye mata a kan gado.