Bokitan Maƙwabta

Ina shanya kakinsa a igiya na ji kukan jirgin ya sauya. Matar matuƙin jirgin feshi ba ta buƙatar ido, kunnenta ya san tashin mijinta kamar yadda uwa ta san tarin ɗanta. Ran nan injin gurnani kawai yake, yana ja, yana ja, ya ƙi rabuwa da ƙasa.

Da safe sai da mijina ya yi mita yana ɗaure takalmi.

"An kwana ana ruwa, filin duk taɓo ne, amma manaja ya ce a cika tankin magani maƙil. Wai sawu biyu ɓarnar mai ne."

"To ka ƙi mana."

"In ƙi mu ci me, fuka-fuki?" Ya yi dariya, ya lakace mini hanci. "Rufe mini shayina, yanzu zan dawo."

Ta saman katanga na ga jirgin ya ɗaga da ƙyar. Tayarsa ta doki kan bishiyoyin ƙarshen fili, ya karkata, ya kife cikin gonar kamfani.

*

Na fita ko takalmi babu. A hanya na tarar da maƙwabta suna gudu da bokitai da jarkoki, maza da mata, har mai kanti ya bar shagonsa a buɗe. Wallahi sai da na ji sanyi a raina. Na ce Allah ya saka musu, ruwan kashe wuta suka ɗauko.

Babu wuta. Bokitan ma babu komai a cikinsu.

Tankin ne ya fashe, maganin ƙwari yana tsiyaya, warinsa na hawa kai. Magani ne mai tsada, wanda ƙaramin manomi sai dai ya gani a hannun kamfani. Suka yi masa caa, ana ture juna, kowa na tara abinsa.

Mijina kuwa yana rataye a kujera, kai a ƙasa, ƙarfe ya danne masa ƙirji, idonsa biyu yana kallona. Tsohon bakaniken jirgin kaɗai ke kokawa da ƙofar.

"Ku zo mu ɗaga fiffiken nan!" bakanike yake ihu. "Hannu kawai nake nema, jama'a!"

Na cafki zanen maƙwabciyata, wadda na yi jinyarta a asibiti lokacin haihuwarta.

"Yaya, don Allah kira mijinki, mijina da sauran numfashinsa!"

"Ga shi nan zuwa, bari jarkar ta cika," ta ce, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Jarkar ta cika. Suka zo kuwa, suka ɗaga, har da salati. Sai dai ya riga ya daina kallona.

*

Manaja ya zo gaisuwa, ya ce ƙaddara ce, kuma kafin mu share hawaye wani matuƙin ya fara tashi daga filin nan. Maƙwabta ma sun zo, sun yi kuka na gaskiya, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ba mugaye ba ne, na san su. Bara tsutsa ta cinye musu gonaki ƙarƙaf suna ji suna gani, alhali gonar kamfani na kore shar a gefensu. Na san duk wannan, amma zuciyata ta ƙi yafewa.

Da amfani ya nuna, maƙwabciyata ta yi sallama ɗauke da kwando.

"Ga ɗan kabeji ki dafa wa yara. Bana dai Allah ya rufa asiri."

Na yi godiya, don haka aka koya mini. Bayan ta tafi na zauna a bakin ƙofa ina ɓare shi, ganye bayan ganye, ina neman ko da huda ɗaya ta tsutsa. Har na kai tsakiyarsa ban samu ba.