Agwagwar Mama Dinatu a Kubanni

Felix ya buɗe kwali a bakin kogin Kubanni, ya zazzage agwagwar da 'ya'yanta cikin ruwa kamar mai zubar da shara.

Mai ɗaukar hoton biki ne a Sabon Gari, amma tunda ya sayi hula mai faɗi ya koma kiran kansa mai hoton namun daji. Ya cika baki a gaban 'yan ƙungiyarsu ta masu hoto cewa shi zai kawo hoton agwagwar daji da 'ya'yanta a nunin hotunan da za su yi a Samaru. Sai dai agwagwar daji ba amarya ba ce, balle a ce mata ta matso ta yi murmushi. Mutumin da ko layin mai ba ya iya jira, ina shi ina kwanton ɓauna cikin laka? Shi ya sa da Mama Dinatu, mai gidan da yake haya a Muchia, ta tafi taron zumuntar mata, ya kwashe agwagwarta da 'ya'yan daga bakin kwata.

Agwagwar ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na kwata ba. Ta yi jim, ta kaɗa bindi, ta miƙa, 'ya'yan na biye a jere, rana na sheƙi a bayansu. Felix ya danna kyamara. Tunda yake bai taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Ya tsaya yana yaba kansa, kafin ya ɗago sun shige cikin ciyayin tsallake. Ya shiga ruwa har ƙugu yana kira, ko waiwaye ba su yi ba.

Ya tarar da Mama Dinatu a tsakar gida, ko zanen zumunta ba ta cire ba.

"Felix, ɗana, ba ka ga agwagwata ba? Mai baƙin tabo a wuya."

"Kai, Mama, mutanen yanzu ba tsoron Allah."

"Bar su. Ko cikin dubu aka sa ta zan gane ta." Ta share ido da bakin zane. "Af, yaushe ne nunin naku? Na faɗa wa matan zumunta, dukanmu za mu zo."

Felix ya shiga ɗaki ya kunna kyamara. Ga tabon nan raɗau, a tsakiyar hoton. Takaici ya ishe shi, ya daɗe yana kallo, sannan ya goge.

Ya fito ya durƙusa, yana taya ta leƙen bayan randa.