Kalmar da Sverre Ya Haramta

Audun na riƙe da rigar sanyin mahaifinsa Sverre, likita na gwada hawan jinin tsohon. Bodil sunanta, daga ƙasar Danmak ta zo aiki tsibirinsu. Gida an riga an yanke shawara: in ta ce kansa ya fara taɓuwa, za a karɓe makullin jirgin kamun kifinsa.

"Yarinya, tofar da dankalin da ke bakinki in ji me kike cewa," in ji Sverre. "Ku 'yan Danmak ba ku magana, haɗiya kuke yi."

"Kunnenka ne ya tsufa, Baba."

"Kunne kaput," ya ce yana dariya. "Gwiwa ma kaput."

Audun ya juyo da sauri ya dube shi.

Kalma ce da kowa ke faɗa in abu ya lalace. Kowa, ban da gidansu. A lokacin yaƙin duniya na biyu aka haifi Sverre, ubansa sojan Jamus ne cikin waɗanda suka mamaye ƙasarsu, kuma da wannan kalma yara suka riƙa jifansa har ya bar makaranta. A gidansa inji ya mutu, raga ta yage, amma ba mai furta ta. Audun ya taɓa shan mari a kanta.

Bodil ta yi murmushi. "Mu ma muna faɗa. Daga Jamusawa muka aro ta, mu da ku. Ita ba ruwanta, mutum ko inji, ɗaya ko dubu, ba ta sauya kama."

Audun ya jira tsawa. Sverre ya gyaɗa kai kawai, kamar an yi masa zancen farashin kifi.

Ta tambaye shi wane wata ake ciki, ya faɗa. Ta ba shi lissafi, ya ci. Sannan ta juyo ga Audun.

"Kai ka fi ni saninsa. Ka ga wani sauyi?"

Ya dubi hannuwan tsohon, duk tabon igiya. Tun da ya yi wayo bai taɓa ganinsu ba aiki ba.

"Babu," ya ce.

A waje iskar arewa ta taso, teku ya yi duhu. Sverre ya tsaya a bakin hanya yana kaɗa makulli, ya dubi dama, ya dubi hagu.

"Audun, ina na ɗaure jirgin ne?"

A wuri ɗaya yake ɗaure shi tun kafin a haifi Audun.

Audun ya ɗaga hannu a hankali, ya nuna masa.