Warin Karofi

Malam Alu ya ɗaga murfin rijiyar rini, ya sunkuya ya shaƙa. Babu wari. Wani ƙamshi-ƙamshi ne ya buge shi, irin wanda ake ji a barandar asibiti. Kumfar nan mai ƙyalli da ya bari tana tasowa shekaranjiya ta kwanta, ruwan ya yi shiru. Ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe kamar yadda ya saba yi shekara hamsin, ya tofar da sauri.

Wannan ce rijiya ta ƙarshe mai rai a karofin Kafin Tsamiya, ɗan garin nan da ke maƙale a gindin dutse tsakanin Rano da Kibiya. Ga wanda ya ratsa a mota, garin bai wuce masallacin Juma'a da kasuwar Laraba da shagunan cajin waya ba. Amma in ka zauna da Malam Alu zai lissafa maka ƙofofi huɗu na ganuwar da aka kwashe ƙasarta aka yi tubali, ya nuna maka inda fatake ke sauke raƙuma su yi wata guda suna jiran baƙin yadi. Rijiya tamanin da uku ya tarar a karofin nan yana yaro, ƙarar bugun rinannen yadi tun daga bakin gari ake jin ta. Yanzu tamanin da biyu sun zama juji, kowace unguwa ta san tata.

Ranar Litinin za a cike filin da jar ƙasa a yi tashar mota. Abu ɗaya ne zai hana: yau ma'aikata za su zo daga Kano masu rubuta wuraren tarihi, kuma dokarsu ita ce wurin sana'ar da aka tarar yana aiki ba a taɓa shi. Saboda wannan rana Malam Alu ya juye ganyen baban rini na ƙarshe da ya noma a gefen gonarsa, ya haɗa da toka da katsi, wato ƙonannen laka na gindin rijiyar rini, ya yi kwana tara yana motsa ruwan da muciya safe da yamma har ya nuna. Jiya kawai ya bar shi, ya tafi Durba karɓo farin saƙi wurin Manu masaƙi, wanda zai rina a gaban baƙi.

Sai yanzu ya ɗaga kai ya lura da wurin. An share tas, an shafa wa duwatsu farar ƙasa, an kafa rumfa da kujerun roba.

"Malam, barka da asuba. Ka ga aikin?"

Saminu ne, ɗansa na fari, sakataren ƙungiyar ci gaban gari, cikin shadda mai guga. Shi ya rubuta takardar da ta jawo baƙin, sau huɗu yana zuwa Kano a kanta. Mutumin kirki ne, sai dai tunda aka sa shi boko yana ɗan shekara shida bai taɓa tsoma hannu a shuni ba.

"Kai, wa ya buɗe rijiyar nan?" Bai taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari.

"Ni ne, Malam. Da muka gama gayyar shara muka ji warin ya yi yawa. Manyan mutane ne za su zo, har da mace. Na ce kada mu ji kunya, sai na samo maganin da ake wanke asibiti da shi na zuba. Galan ɗaya ne kacal, kuma ga shi warin ya tafi."

Malam Alu ya dube shi. Ya so ya yi ihu, ya so ya ɗaga muciyar nan, amma fuskar da ke gabansa ta mai jiran a sa masa albarka ce.

"Warin nan shi ne ranta," in ji shi a hankali. "Ka kashe ta."

Murmushin Saminu ya ɗauke. "Ba za a iya sake haɗawa ba?"

"Da wane ganye? Sai kaka. Ko akwai shi a hannu, kwana tara ne."

Da hantsi motar ta iso. Hajiya A'isha ce shugabar tawagar, doguwa mai tabarau, da wani mai ɗaukar hoto a bayanta. Ta gaisa da kowa da ladabi, ta saurari jawabin maraba har ƙarshe, ta sha fura. Saminu ya karanta tarihin garin da ya kwana biyu yana gyarawa, na ganuwa da ƙofofi da fatake, muryarsa tana rawa. Mutane suka ɗauka farin ciki ne.

"To Baba," in ji Hajiya, "a nuna mana rini."

Malam Alu ya san abin da zai faru, amma ya naɗe hannun riga. Wa ya sani, ko Allah zai yi ikonsa. Ya jiƙa saƙin Manu, ya tsoma, ya juya shi a ƙarƙashin ruwa yana matsawa a hankali. In rijiya na da rai, yadi kore yake fitowa, iska na bugunsa ya rikiɗe ya zama shuɗi a kan idonka, abin da har yau yake ba shi mamaki. Ya ɗago saƙin ya ware. Ruwan toka-toka ya zuba, yadin ya tsaya fari mai dauɗa kamar tsumman goge tukunya. Ya sake tsomawa. Ya sake, har sau biyar. Sannan ya ɗaga kai ya dubi shugabar tawagar.

"Hajiya, a ba ni zuwa kaka."

Ta cire tabarau ta goge. "Wallahi Baba da a hannuna yake, da na ba ka. Takardar nan gida biyu gare ta, ko yana aiki ko an daina, kuma abin da idona ya gani zan cike. Gobe ake rufe rahoto." Ta matso, ta shaƙi ruwan, ta yamutsa fuska. Ta rage murya. "Amma wannan ba warin marina ba ne. Na san akwai masu son filin nan. In wani ne ya yi maka ɓarna da gangan, ka faɗa mini sunansa. Zan rubuta, a miƙa shi ga 'yan sanda, kuma muddin magana tana kotu ba mai zuba ƙasa a nan. Kana iya kai kakar da kake nema."

Wata shida ke nan aka ajiye masa a tafin hannu. Ya dubi rijiyar da kakansa ya haƙa, ya dubi bakinta da gwiwoyin kakansa da ubansa da nasa suka goge har ya yi sulɓi. Bai dubi ɗansa ba, amma ya ji takunsa yana matsowa.

"Hajiya, ni ne na..."

"Kai, koma ka zauna!" Malam Alu ya daka masa tsawa. "Wa ya sa da kai? Manya na magana." Ya juyo. "Ba wanda ya yi mini ɓarna, Hajiya. Tsufa ne. Hannuna ne ya ɓace, na cika toka."

Ta dube shi, ta dubi Saminu da ya dafe kai a kan kujerar roba. Ta sa biro a gida na biyu, na an daina.

Da za su tafi, mai hoton ya zagaya yana neman abin ɗauka. Ya ɗauki dutsen, ya ɗauki ɗan tudun da ya rage na ganuwa, ya leƙa rijiyoyin da ke cike da leda ya fasa. Can idonsa ya sauka a kan hannuwan tsohon, shuɗaye har gwiwar hannu, farcen baƙi wuluk.

"Baba, don Allah ɗan miƙo hannuwanka. Yauwa, haka. Wannan shi za mu sa a bangon littafin rahotonmu."

Malam Alu ya miƙa su, ya tsaya cak har aka gama. Motar ta tayar, yara suka bi ta, aka shiga tattara kujeru. Saminu ya zo ya durƙusa a gabansa yana kuka irin na manya, marar sauti.

"Tashi, mutane na kallo," in ji Malam Alu. "Je ka taya su kwance rumfa."

Ya ɗauki murfin ya mayar a bakin rijiyar, ya daidaita shi sosai kamar akwai abin da rana za ta ɓata. Sannan ya zauna a kan dutse ya buɗe tafukansa yana kallo. Tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai ga ainihin launin fatarsu ba. Ya san in marini ya bar rijiya, shuni ba ya wuce mako uku a hannu.