Rikodar Malam Maccido Ta Dawo Daga Kebbe

Yaran yanzu suna cewa wai mutanen karkara tsoron na'ura suka yi da ta fara zuwa. Mai faɗin haka bai ji abin da mutanen Kebbe suka yi wa rikodar makarantarmu ba.

Bayan samun mulkin kai aka kawo ta makarantar kwana ta Tambuwal, akwati ne mai zare yana juyawa. Malam Maccido, malamin ajinmu, ya ɗauki gaisuwar yaran Kebbe a ciki, ya ɗaure ta bayan keke, ya ce zai dawo da amsar iyaye. Mu dai wasa muka ɗauki abin, ban da ƙawata Lauratu. Wani mai jaki ya gaya mata innarta na kwance ba lafiya. Ta rantse in ba ta ji innarta cikin akwatin ba, da ƙafa za ta tafi gida, jarrabawa ta ci kanta. Wadda ta gudu kuwa ba a sake karɓarta.

Malam ya dawo da laka har gwiwa. Muka cika aji, ya murɗa rikodar.

"Salamu alaikum, akwati!" Muryar tsoho Na'iya ce, mai shela. "An yi ruwa Tambuwal?" Sai ya yi shiru yana jiran amsa. Muka ce "An yi!" baki ɗaya, muna faɗuwa kan benci.

Baban Mahmuda ɗan ajinmu ya karɓa: "Kai Mahmuda, na ji ka. Muryarka ta yi ƙiba. Mi suka ba ka can?" Wata ta rangaɗa guɗa, akuya ta amsa mata, wani ya roƙi Malam ya ɗauki tarinsa ya kai wa likita.

Can muka ji Malam yana cewa, "Ina mahaifiyar Lauratu?"

Mata suka kwashe da dariya. Goggo Atu, ƙanwar baban Lauratu, ta ce, "Haba Malam! Ɗiyar fari fa ta. Ko sunanta ba ta faɗi, balle ta yi mata magana gaban mutane. Ga ta can ta ruga gida."

"To ta ce lafiya lau kawai."

"Ni na faɗa mata. Lauratu, innarki lafiya lau!"

Lauratu ta miƙe. "Haka Goggo tac ce kan kakana, washegari anka yi jana'izatai!" Ta nufi ƙofa, na riƙe mata zane.

Rikoda ba ta san ana rigima ba. Wakilin hakimi ya gyara murya, ya fara jawabi kan amfanin ilmi. Bai yi nisa ba sai daka ya tashi bayan katanga, dim, dim, dim.

"A dakata da dakan nan, ana ɗaukar magana!" in ji muryar Malam.

Ina! Sai ma aka jawo turmin kusa. Ana cilla taɓarya sama, a tafa, a tafa, a cafe. Jawabin wakili ya nutse, ba ka jin komai sai "ilmi" jefi-jefi.

Lauratu ta saki ƙofa.

"Turminmu na! Kun ji tsagewar gindinai? Inna ta! Wallahi Inna ta! Duk Kebbe ba mai wannan tafin sai ita!"

"Ita ce ta ɓata mini jawabi?" in ji Malam. "Sufeton makarantu na so in kunna wa!"

"Malam, mai ciwo na wanga daka?"

Ta fara taka rawa a tsakiyar aji, mu muna buga benci daidai da taɓarya. Malam ya daka tsawa, ya sake dakawa, sannan ya haƙura ya mai da zaren baya. Muka yi ta saurara har batir ya yi sanyi, dakan ya koma kamar na tsohuwa.

Lauratu ta zauna tana haki, ta zungure ni.

"Ke Zahara'u, ina anka tsaya a lissafi? Tun zuwan mai jakin nan ban ji komi ba."